Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781-1837): Rayuwarsa da Tunaninsa a Kan Raya Ƙasa da Muhalli

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, abin da kan fara zuwa a zukatan mutane shi ne jihadi da mulki da wallafe-wallafen addini. Akwai kuma wani ɓangare na rayuwarsa wanda ba a cika tsayawa a kansa ba a azuzuwanmu, wato yadda ya ɗauki ƙasa da ruwa da daji da dabbobi, da irin zaman da ya so mutane su yi domin su ci moriyarsu. Wannan babi zai kawo tarihin rayuwarsa, tare da ba da ƙarfi ga wannan ɓangare.

Dalilin yin haka shi ne, tun bayan taron da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya a birnin Tibilisi a shekarar 1977, an amince cewa ilimin muhalli ba darasi ɗaya ba ne da za a keɓe wa malamin kimiyya. Kowane malami yana da rabonsa a ciki, har da malamin Hausa. Sai dai sau da yawa misalan da ke cikin littattafai na wasu ƙasashe ne, yaro ba ya ganin kansa a cikinsu. Tarihin Bello yana ba malami kayan koyarwa na gida. Za a yi misali da ƙasar Batsari da Safana da ke yammacin Jihar Katsina, domin yankin ya shiga cikin wannan tarihi, kuma matsalar ƙasa da daji ta taɓa rayuwar mutanensa ƙwarai.

2.0 Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1781 Miladiyya. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa sunanta Hauwa'u, wadda ita ce kuma mahaifiyar Abubakar Atiku. Ya tashi a Ɗagel ta ƙasar Gobir, a cikin gidan da karatu ya zama sana'ar maza da mata. Nana Asma'u, wadda ta shahara da waƙoƙi da ilmantar da mata, ƙanwarsa ce ta wajen uba.

Bello ya yi karatu wurin mahaifinsa da kuma baffansa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da sauran malaman jama'ar Shehu. Ya naƙalci nahawu da lugga da fiƙihu da tafsiri da hadisi da tasawwufi. Bayan waɗannan, ya ba da hankalinsa ga tarihi da ilimin magani da lissafi da sanin taurari, fannonin da ba kowane malami na zamaninsa ya damu da su ba.

Ɗagel ƙauye ne na malamai, kewaye da manoma da makiyaya Fulani da Buzaye. Saboda haka tun yana yaro ya san abin da rani ke yi wa rijiya, ya san tafiyar da garke ke yi wajen neman ciyawa, ya kuma ga irin harajin jangali da ake ɗora wa masu shanu. Wannan sani na ido ya bayyana daga baya a cikin rubuce-rubucensa da manufofin mulkinsa.

3.0 Shekarun Jihadi

A watan Fabrairu na shekarar 1804 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, sakamakon tsanantar saɓani tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Bello yana ɗan shekara 23 a lokacin. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu ta yi rinjaye. Kafin shekarar ta ƙare sai suka sha mummunan kashi a Tsuntsuwa, inda suka rasa mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani.

Abin da ɗalibi ya kamata ya lura da shi a nan shi ne, yunwa ta wahalar da jama'ar nan kamar yadda maƙiya suka wahalar da ita. Yaƙi ya hana noma, abinci ya yi ƙaranci, dabbobi suka rasa makiyaya. Neman hatsi da ciyawa da ruwa yana cikin manyan dalilan da suka sa jama'ar ta tashi zuwa Sabon Gari ta ƙasar Zamfara a shekarar 1805, daga can kuma ta koma Gwandu bayan cin Birnin Kabi. Bello ya ga wannan wahala da idonsa, ya fahimci cewa rundunar da ba ta da rumbu ba ta daɗewa a fagen fama, haka ma daular da ba ta da manoma.

A cikin waɗannan shekaru ne Shehu ya riƙa tura shi gabas domin ya sadu da shugabannin jama'a na Katsina da Kano da Daura da Zamfara. Ta wannan hanya ya san ƙasar Katsina da malamanta uku da suka jagoranci jihadi a can, wato Malam Umarun Dallaji da Malam Muhammadu Na Alhaji da Malam Umarun Dumyawa. Shi ne ya jagoranci yaƙin 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai. Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a shekarar 1807, Umarun Dallaji ya zama sarki. A watan Oktoba na 1808 Bello, tare da Aliyu Jeɗo da Namoda, suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Yunfa.

4.0 Kafa Sakkwato da Hawansa Mulki

A shekarar 1809 Bello ya gina ganuwar Sakkwato. Zaɓen wurin kansa darasi ne. Gari ne a kan tudu, kusa da inda Gulbin Rima ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Tudun yana ba da tsaro, yana kuma kare gidaje daga ambaliya, fadamar da ke ƙasa kuwa tana ba da ruwa da shinkafa da kifi da ciyawar rani. A shekarar 1812 Shehu ya raba aikin gudanar da daula gida biyu: yamma a hannun Malam Abdullahi, gabas a hannun Bello. Ta haka Katsina ta kasance cikin ƙasashen da yake kula da su.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Farkon mulkinsa ya zo da tarzoma. Garuruwa da dama sun yi tawaye, mafi tsanani shi ne na Malam Abdussalami na Kware, wanda aka murƙushe a 1818. Akwai kuma 'yar tsama tsakaninsa da baffansa a kan gadon mulki, wadda ta kau bayan da Bello ya kai masa gudummawa a yaƙin Kalambaina. Daga arewa kuma Gobirawa da Katsinawan da suka kafa Maraɗi da wasu Buzaye ba su daina kai hare-hare ba. Da taimakon Wazirinsa Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya shimfiɗa tsarin mulki, yana aika wa sarakuna wasiƙu da littattafai na yadda za su riƙe jama'a. Marubutan tarihinsa sun bayyana shi da cewa mutum ne mai son ci daga guminsa, mai kaffa-kaffa da dukiyar baitulmali.

5.0 Manufofinsa na Raya Ƙasa

5.1 Ribaɗi

Babbar manufar da aka fi sanin Bello da ita ita ce kafa ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ake ginawa a bakin iyaka domin tsaro. Daga cikin irin waɗannan garuruwa akwai Wurno da Kware da Gandi da Shinaka da Lajinge. Yakan ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu, ya tura malami da alƙali da masu sana'a. Ribaɗi bai tsaya ga zaman dakaru kawai ba. Mazauna cikinsa suna share daji su yi gonaki, su haƙa rijiyoyi, su buɗe kasuwa, matafiya su sami masauki. Tunanin Bello shi ne, ƙasar da babu mutane a cikinta maɓoyar mahara ce, kuma manomi ba ya zama inda babu tsaro. Don haka ya haɗa tsaro da noma wuri guda. Shi da kansa ya koma Wurno da zama a ƙarshen rayuwarsa, gari mai kallon fadamar Rima, wanda ya yi suna wajen noman shinkafa da albasa da tafarnuwa.

5.2 Makiyaya

Bello ya yi ƙoƙarin zaunar da Fulani makiyaya kusa da garuruwa. Ya ƙarfafa musu gwiwa su koyi noma, su sa 'ya'yansu karatu, su rage dogaro da manyan garkunan shanu masu bukatar doguwar tafiya, su ƙara kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki. Ya rubuta irin wannan shawara ga Muhammadu Jailani, wani shugaban Buzaye, inda ya nuna masa cewa sallar jam'i da shari'a da karatu sun fi tsayuwa a zaman gari. Dalilansa na addini ne da na tsaro, amma sakamakonsu ya shafi ƙasa kai tsaye, domin sun kawo tambayar da har yau ake fama da ita: ina gona za ta tsaya, ina burtali zai bi, wa ke da mashaya?

5.3 Noma da Sana'o'i

A cikin littafinsa mai suna Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaji, Bello ya kawo ginshiƙai bakwai na mulki. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora wa shugaba nauyin kyautata rayuwar duniya ta talakawansa. Ya bukaci sarki ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya tabbatar kowane gari yana da rabonsa na masu sana'a. Haka kuma ya kwaɗaitar da mutane su noma abinci su kuma adana shi, a raya ƙauyuka, a gina ganuwa, a gyara hanyoyi da kasuwanni. Wanda ya tuna yunwar shekarun jihadi zai gane inda maganar adana abinci ta samo asali. Ruwayoyin Sakkwato suna danganta masa yaɗa noman rake da yin sukari a Gidan Maikara, da kuma ƙarfafa ban-ruwa da jigo a lambuna.

5.4 Dokokin Ƙasa da Hurumi

Waɗannan manufofi suna da dokar da suka dogara a kanta. Malam Abdullahi, baffan Bello kuma malaminsa, ya wallafa littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. A mazhabar Malikiyya, wadda littafin ya ginu a kanta, mutum yana mallakar irin wannan ƙasa ne idan ya raya ta, ta hanyar fito da ruwa, ko gini, ko dasa itatuwa, ko noma, ko share daji. Kewaye fili kawai, ko kiwo a cikinsa, ba ya zama raya shi. Idan filin yana kusa da gari, sai an nemi izinin shugaba.

Haka nan kowane gari yana da haraminsa, wato kewayen da mutanensa ke yin itace da kiwo, gwargwadon inda za a je a dawo a yini guda, kuma ba mai ikon mallake shi shi kaɗai. Rijiya ma tana da nata, ba a yarda a yi abin da zai ɓata ruwanta ko ya ƙuntata wa masu ɗiba ba. Sannan shugaba yana iya keɓe hurumi domin amfanin jama'a, bisa sharaɗin akwai bukata, filin bai yi yawa ba, kuma babu gini ko shukar wani a ciki. Asalin wannan yana komawa ga hurumin Naƙi'u na zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Rabaza na zamanin Halifa Umar. Kalmar hurumi da Bahaushe ke amfani da ita tana ɗauke da wannan ma'ana ta filin da aka hana taɓawa.

6.0 Rubuce-rubucensa a Kan Ƙasa da Tsirrai

Masana sun ƙidaya wa Bello littattafai da maƙaloli fiye da 100. Mafi shahara shi ne Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. An fi saninsa da tarihin jihadi da wasiƙun da aka yi musaya da Shehu Laminu na Barno. Amma farkon littafin labarin ƙasa ne. Ya bi ƙasashen Sudan ɗaya bayan ɗaya, daga gabas zuwa yamma, irin su Wadai da Bagarmi da Barno da Azbin da ƙasar Hausa, yana bayanin mutanensu da yanayin ƙasarsu da albarkatunta. An fassara littafin zuwa Ingilishi da Hausa.

Ta fuskar magani, ya rubuta maƙala a kan ciwon ido, da wata a kan basur, da wata a kan amfanin filasko. Ya haɗa abin da ya karanta a littattafan likitocin Musulunci da tsirran da ake samu a ƙasarsa. Wannan ya nuna cewa a wurinsa daji taska ce ta magani.

Lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a watan Maris na 1824, bayan ya sha ƙishirwa a dajin Gundumi, ya tarar da sarki mai yawan tambaya. Bello ya duba na'urorinsa na auna rana da taurari, ya nuna ya san sunayen taurari da buruji da Larabci, ya kuma nemi a aiko masa da likita. Ya ba shi taswirar ƙasashensa da hanyar Kogin Kwara, da wani yanki na Infaƙul Maisuri, aka buga su a Landan a 1826. Da Clapperton ya dawo a wannan shekara, cikin tsarabar da ya kawo har da littafin lissafi na Iƙlidis, masanin Girka, wanda Bello ya yi murna da shi domin nasa ya ƙone a gobara. Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

7.0 Abin Lura

Bai dace malami ya mayar da Bello mai fafutikar kare muhalli irin na wannan zamani ba. A zamaninsa daji ya fi mutane yawa, damuwar shugaba ita ce yadda za a cika ƙasa da jama'a. Shi ya sa share daji yake cikin hanyoyin raya ƙasa. Haka kuma wani kaso na aikin gandaye da ribaɗi bayi ne da aka kamo a yaƙi suka yi shi, yaƙe-yaƙen da kansu kuma sun tashi garuruwa da yawa. Abin da za a ɗauka daga gare shi shi ne ginshiƙan tunaninsa: ƙasa amana ce a hannun shugaba, akwai filin da na kowa ne, ruwa yana da doka, kuma tsaro da abinci ba sa rabuwa.

8.0 Rasuwarsa

Babban yaƙinsa na ƙarshe shi ne na Gawakuke a shekarar 1836, inda ya karya haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi da Buzaye. An kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. A watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, Allah ya yi masa rasuwa a Wurno bayan mulkin shekara 20, a can kuma kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, Waziri Giɗaɗo kuma ya rubuta littafi a kan halayensa.

9.0 Batsari da Safana a Madubin Wannan Tarihi

Ƙasar Batsari, inda Sarkin Ruma yake hakimci, da ta Safana, inda Yariman Katsina yake, suna bakin dajin Rugu, a kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Katsina da Zamfara da Sakkwato. Akwai alaƙa ta ruwa ma. Gulbin Bunsuru da Gulbin Gada, waɗanda ke kwashe ruwan yammacin Katsina, duk a Rima suke ƙarewa. Gada yakan bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sannan ya dawo Nijeriya. Wato ruwan da ya sauka a kan duwatsun wannan yanki yana iya wucewa ta gindin Wurno.

Tarihin dajin Rugu ya gaskata tunanin Bello a kan dangantakar tsaro da zaman mutane. Masana tarihin Katsina, irin su Dokta Yusufu Bala Usman, sun nuna cewa yankin Ruma yana da garuruwa masu yawa kafin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Bayan rasuwar Bello, wajen shekarar 1843 zuwa 1844, garuruwan yankin suka yi tawaye da goyon bayan Ɗan Mari na Maraɗi. Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe tawayen da ƙarfi, garuruwa suka watse, gonaki suka koma daji. A shekarar 1853 Bajamushe Heinrich Barth ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka a kan hanyarsa ta zuwa Zurmi, ya ba da labarin kufai da fargabar mahara. Bayan da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon ƙarni na 20, mutane suka sake komawa suna sharar gona.

Daga baya hukuma ta keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai domin kiwo, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi dokar makiyaya a 1965. Wannan hurumi ne da sabon suna. Sai dai abubuwa sun taru sun yi masa yawa: farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, da saran itace da yin gawayi, da cin burtali, da ƙaruwar jama'a. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Batsari tana da mutum fiye da 200,000, Safana kuma fiye da 180,000. A shekarun 2010 dajin ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, ƙauyuka da dama suka tashi, gonaki suka kwana ba shuka. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka shiga da su dazuzzukan wannan yanki kafin a sako su. Rashin tsaro yana da dalilai da yawa, amma rikici a kan gona da makiyaya da mashaya yana cikin tushensa.

10.0 Yadda Malami Zai Yi Amfani da Wannan Tarihi

Malamin Hausa ba ya bukatar kayan aiki masu tsada kafin ya shigar da ilimin muhalli cikin darasinsa. Ga wasu hanyoyi:

(a) Taswira. Kamar yadda Bello ya ba baƙonsa taswirar ƙasarsa, a sa ɗalibai su zana ta garinsu, su nuna gonaki da fadama da rijiyoyi da burtali da hurumi. Daga nan su tambayi dattawa yadda wuraren suke shekara 40 da suka wuce, su zana ta biyu, a kwatanta.

(b) Sunayen wurare. Sunaye irin su Kukar Jangarai da Babban Duhu suna ɗauke da labarin abin da ke wurin a da. A tattara sunayen unguwanni da ƙauyukan da aka samo daga itatuwa da duwatsu da ruwa, a bincika ko abin da ya ba da sunan yana nan.

(c) Ƙamus na tsirrai. Bisa koyi da maƙalarsa ta filasko, kowane ɗalibi ya ɗauki itace ɗaya, kamar kuka ko ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya ko marke ko gawo, ya rubuta kamanninsa da amfaninsa. Gawo misali ne mai kyau, domin yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya ba dabbobi abinci, ƙasar gindinsa ta yi taki.

(d) Keɓaɓɓun kalmomi. A koyar da ma'anar hurumi da burtali da mashaya da makiyaya da saura da kufai da fadama da jigawa, a sa su cikin jimloli da insha'i.

(e) Muhawara da wasan kwaikwayo. A shirya zaman sulhu tsakanin manomi da makiyayi a gaban alƙali, a yi hukunci da ƙa'idojin da aka kawo a sashe na 5.4. A nan dole malami ya yi hattara. A ajinsa akwai ɗan manomi da ɗan makiyayi, wataƙila akwai wanda ya rasa mahaifi a wannan rikici. Kada ya bari darasi ya koma zargin wata ƙabila.

(f) Aikin hannu. A keɓe ɗan hurumi a harabar makaranta, a dasa itatuwan gida, a raba wa azuzuwa nauyin ban-ruwa da kariya daga awaki. Inda hanya ba ta da aminci, kada a fita da yara daji, harabar makaranta da bakin gari sun wadatar.

11.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Muhammadu Bello ya tashi a gidan ilimi, ya yi jihadi yana saurayi, ya kafa Sakkwato, ya mulki daula shekara 20. An ga yadda yunwar shekarun yaƙi ta koya masa darajar noma da ajiya, da yadda ya yi amfani da ribaɗi wajen haɗa tsaro da raya ƙasa, da irin kulawar da ya ba labarin ƙasa da tsirrai a rubuce-rubucensa. An kuma ga cewa dajin Rugu yana faɗaɗa ko ya ƙanƙance gwargwadon abin da mutane suka yi. Zamaninsa ya bukaci a share daji, namu kuwa yana bukatar a tsare wanda ya rage a kuma dasa sabo. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Jihar Katsina ke cikinsa, ba zai yi nisa ba sai yaran da ke zaune a bakin dajin sun san darajarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan aiki kuwa a hannun malami yake.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda ƙarancin abinci ya shafi tafiyar jama'ar Shehu tsakanin 1804 da 1806, da tasirinsa ga manufofin Bello.
2. Mene ne ribaɗi? Kawo misalai uku, ka nuna alaƙarsa da noma.
3. Bambanta tsakanin haramin gari da hurumin da shugaba ke keɓewa.
4. Me tarihin dajin Rugu ke koyarwa game da dangantakar tsaro da muhalli?
5. Tsara darasin minti 40 na aji biyu na ƙaramar sakandare a kan sunayen itatuwan garinku da amfaninsu.